Taurarin Tagulla Goma Sha Biyu

Rano, 9 ga Mayu

Yaya Sadiqa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Ya sanyin Gembu? Lado direba ya ce a can ko da rana tsaka da rigar sanyi kuke yawo. Na ce daidai ke nan, duk wanda ya bar dangi ya hau kan dutse gara ya ji a jikinsa. Mu nan lafiya lau. Na je Kahu ran Juma'a na duba kakarmu Iya, ƙafar ta yi sauƙi, har bakin rijiya take takawa. Kawunki, Baba Gwadabe, yana nan yadda kika san shi. A wuni bai fi ya yi magana goma ba, takwas daga ciki faɗa ne da ni.

Kin san ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Wayata ba ta ɗaukar hoto, ke kuma sai kin hau tudu kike samun sabis, don haka ga takarda.

An gama hasumiyar masallacin unguwarmu a Kahu, za a buɗe shi Juma'ar farko ta watan Agusta. Alhaji Ishiyaku ya kawo falle guda na tagulla mai kauri, irin wanda yanzu ko a Kano sai an sha wuya, ya ce a yi wata da tauraro. Baba ya riga ya yanke watan. Saura tauraro. Ranar da dattawa suka zo rumfarmu duba aiki, bakina ya ja mini. Na ce duk taurarin da ke kan masallatan ƙasar nan rabin aiki ne, don shafaffu ne. Wanda ya taho ta hanyar Kibiya ya ga tauraro, wanda ya taho daga gona ya ga sanda a tsaye. Na ce ni zan ƙera wanda ta ko'ina ka ɓullo tauraro za ka gani. Liman ya yi dariya. Alhaji ya ce a bar ni in gwada. Sai da suka tafi, sannan Baba ya ce: "Falle ɗaya ne. In ka ɓata shi, ka nemi wata rumfar."

Ba ya maimaita magana kuma ba ya janye ta. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a rumfar nan ina liƙa mazurari da gwangwanin ban-ruwa, tun rasuwar mahaifina. Ban san wani wurin zama ba.

Ba haka kawai na yi cika bakin ba. A cikin littattafan da kika bari a akwatin Iya akwai wani na lissafi marar bango. Na daɗe ina bin sa da ƙamus, layi-layi. Can wajen ƙarshe akwai hoton wani dunƙule mai tsini ta kowane ɓangare, in ka ƙura masa ido sai ka ga taurari a jikinsa. Shafin da ke bayaninsa gara ta cinye. Na kwafe hoton a bayan takardar nan. Ki gaya mini fuskokinsa nawa ne, wace irin siffa ce, kuma yaya ake zana ta. Da Hausa, don Allah, ba da Turancin nan naku na allo ba.

Taubashinki,
Zakiyyu

Gembu, 24 ga Mayu

Zakiyyu sarkin baki,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ƙaramar ta yi mura ta warke. Ka gaida Iya da Kawu. Ashe littafin da na shekara shida ina nema kai ka sace. Na yafe, tunda ka karanta shi fiye da ɗalibaina.

A gurguje nake rubutu, takardun gwaji sun yi mini tsibi. Na gane hoton. Fuskokinsa goma sha biyu ne, kowace fuska cikakken tauraro ne mai tsini biyar, a shimfiɗe. Shi dunƙulen tsininsa goma sha biyu, kuma a kowane tsini taurari biyar ne ke haɗuwa. Gefe talatin. Zanen tauraron ba wuya: ka ja da'ira da kamfas, ka raba ta gida biyar daidai, ka riƙa jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo kana tsallake ɗaya.

Ba shi kaɗai ba ne, danginsu hamsin da bakwai ne, ban da wani reshe da ba ya ƙirguwa. Abin da ya haɗa su shi ne kowane tsini kamar ɗan'uwansa yake. Naka yana cikin huɗun da suka fi daidaito. Kuma kowannensu yana da takwara: inda wannan ke da fuska, takwarar na da tsini, inda yake da tsini tana da fuska, gefe kuwa adadinsu ɗaya. Akwai ma waɗanda tsinin takwararsu ba shi da ƙarshe, tafiya kawai yake yi. Takwarar naka na zana maka a ƙasa. Fuskokinta masu kusurwa biyar ne, in ka kalle ta kamar ƙwallo ce mai ramuka ashirin, da taurari kwance a jikinta. In na farkon ya ba ka wuya ka duba wannan, ba ta da dogayen tsini.

Ka fara gwadawa da kwali yadda Kawu ke yi. Akwai sauran bayani a kan yadda fuskokin ke zama, amma Lado ya dame ni da hon a ƙofar makaranta. Zan ƙarasa maka in ya sake zuwa.

Yayarka,
Sadiqa

Rano, 11 ga Yuni

Yaya Sadiqa,

Barkanmu da Sallah. Mun yi ta lafiya, Iya ta ce ta ajiye miki soyayye ko da zai kai baɗi. Ina gaida mai mura.

Takardarki ta iso. Sau uku na karanta, kowane karo raina ya ƙara ɓaci. "In na farkon ya ba ka wuya." Da wani ɗalibinki mai farar riga ne ya tambaye ki, za ki nemo masa mai sauƙi? Don na tsaya a aji uku shi ke nan sai a riƙa tauna mini magana kafin a ba ni? Ni ban ce ki zaɓa mini ba, tambaya na yi.

Takwarar taki na zana ta a ƙasa na juya ta a kaina. Kyakkyawa ce, ban musa ba, amma ta ɗakin karatu ce. Ko yaya aka ɗora ta a hasumiya, ko dai rami ya kalli sama ko kuma a samu dandamali inda ruwa zai kwanta. Damina biyu ta yi kore, dalmar ta saki, tantabaru su gode miki da kika gina musu gida. Wanda kuma tsininsa ba ya ƙarewa, ki bar wa masu shi, fallena ɗaya ne.

Maganar kwali kuwa, Baba ma ya ishe ni. Ko murfin gwangwani zai yi sai ya yanka kwali, ya naɗe, ya juya, ya fita rana ya duba, sannan ya taɓa ƙarfe. Shi bai yi boko ba, kwali ne littafinsa. Ni da nake da lissafi a rubuce, me zan tambayi kwalin taliya?

Ga tambayar da za ki amsa mini, malamar lissafi. A shafin da gara ta rage akwai wata doka: ka haɗa tsini da fuska, ka ɗebe gefe, biyu za ka samu kullum. Na gwada da akwati, kusurwa takwas, fuska shida, gefe sha biyu, ya ba ni biyu. Na gwada da naki: sha biyu da sha biyu, a ɗebe talatin. Bai kai ko sifili ba, shida ya rage ya kai. Ko dai littafin ya yi ƙarya, ko saurin hon ɗin Lado ya sa kin ƙirga gefen ba daidai ba. Na fi zargin ki. Amma wannan ba zai tsayar da ni ba, don ba gefe zan yanka ba, fuska zan yanka, kuma taurarin ga su nan a hoto ina gani da idona.

An yi wa Baba rasuwar wani amininsa a Dawaki, gobe zai tafi, sai an yi addu'ar uku zai dawo. Na auna fallen, zai ba ni taurari sha biyu, kowanne taƙi ɗaya da rabi. Kafin ya dawo na gama.

Zakiyyu

Kahu, 2 ga Yuli

Yaya Sadiqa,

Sallama. Iya lafiya, ni ma jikina lafiya. Ki dubi garin da na rubuta a sama, ya isa labari.

Na yanka su. Wallahi ban taɓa yin aiki mai tsafta kamar wannan ba, in kin jera sha biyun kamar guda ɗaya ne. Na goge su har suna ɗaukar ido. Sai na ɗauki biyu zan haɗa. Ta bakin nan gefe ya kama gefe, ta bakin can ma haka, amma a tsakiya tsinin wannan sai ya bi ta cikin wancan, na wancan ma sai ya bi ta cikin wannan. Na juya, na kifa, na sauya wasu biyun. Wuni biyu ina yi. Ko biyu ba su haɗu ba, balle sha biyu. Tagulla ba hayaƙi ba ce da za ta ratsa 'yar'uwarta.

A haka Baba ya same ni. Ya tsaya ya kalli taurarin a kan tabarma, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ajiye. Ya ce: "Ina kwalin?" Na ce babu. Ya miƙo hannu, na ba shi almakashi, ya rataye a ƙusa. Ya ce in kwashe ɓarnata in kai wa Alhaji da hannuna, shi zai yi wa masallaci shafaffen tauraro na kwano ya shafa masa fenti. Ko murya bai ɗaga ba. Da ya zage ni da na sami abin mayarwa.

Iya ta sa an kai ta Rano a babur da ƙafar nan tata, don ta roƙi Baba ya mayar da ni. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sayo mata goro, ya ce ta yi haƙuri, magana ya riga ya yi ta. Yanzu ina ɗakin zaure a gidanta, da safe in bi 'yan noma, buhun taurari na ƙarƙashin gado. Har yau ban iya zuwa wajen Alhaji ba.

Ke kuma shiru. Mako uku. Ba Lado ba labarinsa. Na zauna na yi tunani, na ga ba yadda za a yi mai digiri a lissafi ta kasa sanin cewa ba za su haɗu ba. Kin sani. Kika ce "akwai sauran bayani", kika riƙe shi, don in faɗi in gane matsayina. To na gane. Ki gaya wa ɗalibanki akwai wani maƙerin gwangwani a Rano da ya ɗauka shi ma mutum ne. In ba haka ba ne ki faɗa mini, in kuma haka ne ba sai kin wahalar da biro ba. Wannan ta hannun wani direban Jalingo zan bayar, in ta iso ta iso.

Zakiyyu

Gembu, 23 ga Yuni

Zakiyyu,

Ka gaida kowa, mu lafiya. Yau takardarka ta Sallah ta shigo hannuna, ko mayafi ban cire ba na zauna rubutu. In Allah ya sa wani abu ya tsare ka ba ka yanka ba tukuna, kada ka yanka. Na hau tudu sau biyu na kira ka, ba ta shiga.

Laifina ne. Na ba ka amsa irin ta aji, na manta almakashi ne a hannunka ba alli ba. Mu in muka ce fuska sha biyu, a takarda muke nufi, inda fuska ke ratsa fuska ba abin da ya dame ta. Kowane tauraro tsakiyarsa a ɓoye take a cikin dunƙulen, tsininsa biyar kawai ke leƙowa waje. Abin da ido ke gani, wanda kuma za a iya ƙerawa, alwatika sittin ne, biyar-biyar suna haɗuwa su ba da tsini guda. Takwarar ma haka take, alwatika sittin, sai dai nata ciki suke lotsawa.

Lissafinka daidai ne, nawa ma daidai ne, littafin ma bai yi ƙarya ba. Dokar biyun ta siffofin da ba sa ratsa kansu ce, irin akwatinka. Wannan shidan da ka gano shi ne alamar cewa abin ba akwati ba ne. An yi wani babban masani a Turai da ya ƙi yarda da wannan siffa da takwararta saboda shidan nan. Kai a rumfar Kawu ka kamo shi, ba wanda ya nuna maka. A ajina ba wanda ya taɓa gwadawa.

Kai kuma ka rage zafin kai. Da na ce in ya ba ka wuya, liƙin dogon tsini nake ji maka, don ni ko faci ban taɓa yi ba, ban san mai wuya da mai sauƙi a wurinku ba. Ga shi ma ka nuna mini na zaɓa maka wadda za ta tara ruwa, abin da bai taɓa zuwa kaina ba. Kwali kuwa ba raini ba ne. Ni ma da shi nake koyarwa.

Ka rubuto da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Sadiqa

Kahu, 11 ga Agusta

Yaya Sadiqa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Iya na gaishe ki, ta ce in rubuta cewa ni ne marar kunya ba ke ba. Na rubuta.

Takardarki ta 23 ga Yuni sai ran Talatar da ta wuce ta iso. Motar Lado ce ta lalace a Serti, ya yi fiye da wata yana jiran kayan gyara, takardar na cikin aljihunsa har ta yi laushi. Wayata kuwa a wancan makon kashe ta na yi don kada Alhaji ya kira. Wadda na aiko ta hannun direban Jalingo, in ta iso ki hura wuta da ita. Na faɗi abin da bai kamata ba. Ki yi haƙuri. Sau ɗaya zan faɗa, kada ki saba.

Ga abin da ya faru. Saura kwana goma sha biyu a buɗe masallaci Iya ta ce ko in kai wa Alhaji buhun nan ranar, ko ita ta ɗauka a ka ta kai. Na zazzage taurarin a tsakar gida, suna ta ƙyalli kamar suna yi mini dariya. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba zan kai abin da za a riƙa zagawa da shi majalisa ana nunawa ba, gara in kai tarkace. Na aro almakashin maƙwabci na kama ɗaya na datse tsininsa biyar, ɗaya bayan ɗaya, na yi jifa da tsakiyar. Iya tana ta faɗa za a yanke mata ƙafar kaji. Ta tsince guntayen tsinin, ta zauna tana jingina su da juna don su tsaya wuri guda, sai ta ce: "Kai dubi, jinkar rumbu."

Na duba. Alwatika biyar sun haɗa kai sun yi tsini. Na ɗauko tsakiyar da na jefar, mai kusurwa biyar, na ɗora jinkar a kai. Ta zauna daram, ko gashi ba zai shiga ba. Na daɗe a tsugune, Iya na tambaya ko ciki ne ke ciwo.

Ashe ban ɓata komai ba. Tsakiya sha biyun nan da ba a gani su suka haɗu suka zama ƙwallo mai fuska sha biyu, na huda shi na zura ƙarfen da zai riƙe shi a hasumiya. Alwatika sittin suka zama jinka sha biyu, kowace ta hau fuska guda. Wahalar ɗaya ce: ban bar leɓen naɗi ba tun farko, sai da na riƙa yanka siraran tagulla daga ragowar falle ina liƙawa ta ciki. Wani mai gyaran lagireton mota a Kibiya ya ara mini kayan dalma. Kwana tara na yi, yatsuna uku har yanzu ba su warke ba. Da na gama na ƙirga shi irin namu na maƙera, abin da hannu ke taɓawa: kusurwa talatin da biyu, fuska sittin, liƙi casa'in. Ki haɗa ki ɗebe. Biyu cif. Ki riƙe shidanki, na riƙe biyuna.

Ran Alhamis aka ɗora shi. Baba ya aiko da watan ta hannun ɗan acaɓa, har da tauraronsa na kwano a naɗe a jarida, ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba. Alhaji bai san an taɓa yin ɓarna ba, ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba. Liman ya zaga hasumiyar sau biyu yana ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Baba bai zo buɗewar ba, a Rano ya yi Juma'arsa.

Na zaci da an ɗora shi ke nan za a aiko in koma. Kwana tara shiru. Ranar Lahadin farko Baba ya zo gaida Iya, ya zaɓi lokacin da nake gona. Ta ce da ya fita ya tsaya a gindin hasumiyar har inuwa ta matsa, sannan ya hau mota. Bai tambaye ni ba. Na fara tunanin in tafi Kano wajen masu walda.

Jiya da hantsi sai ga wani dattijo a babur, Malam Haliru daga Zinyau. Ya ce su ma suna gina masallaci, ya ga namu, aka ce masa aikin rumfar Malam Gwadabe ne, ya je can. Na tambaye shi me Baba ya ce masa. Ya ce cewa ya yi: "Mai yin irin wannan ba ya nan yau. Ka dawo ran Laraba, za ka same shi a rumfa." Shi kuma da hanya ta biyo da shi ta Kahu ya ga gara ya fara ganina.

Na ce masa ni ba a aiko mini ba. Ya ce shi dai abin da aka faɗa masa ke nan, ya tada babur ɗinsa. Iya ta ce wannan ai shi ne aiken, ko sai an zo mini da maroƙi?

Har yanzu raina a ɓace yake. Mutum ya iya buɗe baki ya kore ka, amma bai iya buɗe baki ya ce ka dawo ba, sai ya bi ta Zinyau. Yau Litinin. Na riga na gaya wa Saminu mai babur ya biyo mini jibi da an idar da sallar asuba, don Baba da wuri yake buɗe rumfa, kuma ba na so ya riga ni.

Taubashinki,
Zakiyyu